Darasi na 9: Kuɗin Asibiti, Abin da Aka Yafe da Abin da Ya Rage a Kanmu

'Yan'uwa, bari mu soma darasin nan da labarin magidanta biyu da suka zo ɗakin shan maganinmu a damanar bara, cikin mako guda.

Na farko ya buga mana ƙofa wajen ƙarfe uku na dare. Ya kawo matarsa a amalanke daga wani ƙauye na wajen Garou. Ta kwana biyu tana naƙuda, jaririn kuwa a gicciye yake, ba yadda za a yi ya fito da kansa. Muna ɗaura mata ƙarin ruwa na tambaye shi, "Malam, me ya tsai da ku har yanzu?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, an gaya mini aiki jika ɗari ne. Ɗan bijimi gare ni, ina jiran ranar kasuwa in sayar." Muka tura su asibitin yanki na Malanville a daren nan. Allah ya sa uwar ta rayu. Jaririn kam ya riga ya mutu a ciki.

Na biyu ya zo da rana tsaka da ɗansa mai shekara bakwai, wanda fartanya ta sare shi a ƙafa, ciwon ya yi ruwa. Da aka rubuta masa magani aka nuna masa wurin biya, sai ransa ya ɓaci. Ya ce shi da kunnensa ya ji a rediyo cewa maganin yara kyauta ne. Ya ɗauki yaron ya tafi, ko sauraronmu bai yi ba. Bayan kwana biyar ya dawo, kumburi ya kai gwiwa, abin da ya biya kuwa ya ninka na farko.

Ɗaya ya zauna a gida yana tsoron kuɗin da an riga an ɗauke masa. Ɗaya ya zo hannu wofi don ya ɗauka an yafe kome. Dukansu rabin labari suka ji. Dokokin kuɗin asibiti a ƙasar Benin sun sauya sau da dama a cikin shekarun nan, kuma wanda ya san abin da aka yafe da abin da ya rage a kansa shi ne yake zuwa a kan lokaci.

Daga ina biyan kuɗin ya samo asali?

Tsofaffinmu suna tunawa da zamanin da ba a karɓar kome a asibitin gwamnati. Suna kuma tunawa cewa sau da yawa kantar magani wayam take, sai dai a ba ka takarda ka je ka nema a wani wuri. A shekarar 1987 ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka taru a Bamako, suka amince da wani tsari: majiyyaci ya biya ɗan kuɗi kaɗan, kuɗin ya zauna a asibitin, a riƙa sake sayo magani da shi, mutanen gari kuma su zaɓi kwamitin da zai sa ido. Benin tana cikin ƙasashen da suka fara bin wannan tsari. Shi ya sa har gobe kowace cibiyar lafiya ta gwamnati take da wurin biya da kwamitin 'yan gari. Tsarin ya dawo da magani a kanta, amma ya bar wanda ba shi da ko dala a bakin ƙofa.

Sa'an nan a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, ta koma rabi. Maganin da ake sayowa daga Faransa ya yi tsadar da talaka ba ya iya taɓawa. Tun daga lokacin asibitoci suka ƙara dogara ga maganin da ake kira jenerik, wato wanda ba shi da sunan babban kamfani da kwali mai ƙyalli. Wasu suna raina shi don arharsa. Kada ku raina. Sinadarin da ke cikinsa ɗaya ne da na mai tsadar. In an rubuta muku takardar magani, ku tambaya ko akwai jenerik ɗinsa a kantin asibiti kafin ku nufi farmasi na cikin gari.

Duk sauye-sauyen da suka biyo baya ƙoƙari ne na ɗauke wa wasu mutane, ko wasu cututtuka, wannan biyan da aka soma tun zamanin Bamako.

Tiyatar haihuwa

Tun ranar 1 ga Afrilu 2009 gwamnatin Benin ta ɗauki nauyin tiyatar haihuwa, wadda muke kira "aiki", a asibitocin da ta amince da su. Maigidan nan na Garou bai yi kuskure a lissafi ba. Jika ɗari, wato sefa 100,000, shi ne kuɗin da aka yanka wa kowane aiki guda. Inda ya yi kuskure shi ne wa zai biya. Gwamnati ce take biyan asibiti, ba mijin ba.

Abin da dokar ta lissafa ya haɗa da duba mai naƙuda, da aikin kansa, da magunguna da kayan aiki, da ƙarin jini in an bukata, da kwanciya a gado, da dubawar bayan aiki. Amma ina so in gaya muku gaskiya yadda muke ganinta. Wani lokaci wani magani yakan ƙare a kanta, a ce ku sayo a waje. Wani lokaci babu jinin da ya dace a ajiye, sai dangi sun bayar. Abincin mai jinya da na masu zaman jinya na kwana biyar ko mako guda a kanku yake. Kuɗin babur ko amalanke daga gida zuwa cibiyar lafiya ta farko ma a kanku yake. In jaririn ya fito da matsala, kulawarsa wani lissafi ne dabam. Saboda haka kada a zo hannu wofi. Amma abin da ake bukata a hannu bai kai a tsaya jiran sai an sayar da bijimi ba.

Haihuwa ta hanyar da aka saba, ba tare da aiki ba, ba ta cikin wannan doka ta 2009, ana biyan kuɗinta. Ku tambayi nawa ne tun a ranar awon ciki na farko, ku fara ajiyewa. Ciki wata tara yake yi, ba ya zuwa ba sallama.

Ga alamun da in an gan su ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga gona: zubar jini kowane iri a lokacin ciki; ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi ko kumburin fuska; jijjiga; faya ta fashe amma naƙuda ba ta taso ba; hannu ko cibiya ta riga kai fitowa; naƙudar da ta wuce awa 12, wato daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Macen da aka taɓa yi wa aiki kuma, duk haihuwar da za ta yi nan gaba a asibiti za ta yi ta, ko da lafiya lau take ji, don tabon mahaifa yana iya tsagewa. Doguwar naƙuda ita ce take kawo yoyon fitsari, cutar da take raba mace da gidanta da kasuwa da wurin ibada.

Magana ɗaya ga surukai mata, cikin ladabi. Inna, na san kin haifi tara a ɗaki, Allah ya raba lafiya. Amma ki tuna tsararrakinki nawa ne ba su tashi daga kan gwiwa ba. Sau da yawa ke ce ake jira ki ce a tafi. Ki faɗa da wuri.

Zazzaɓin yara da na masu ciki

A watan Oktoba na 2011, a zamanin shugaba Boni Yayi, aka sanar da cewa maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki. Ku lura da iyaka biyu a nan. Ta farko, shekaru: ƙasa da biyar. Ta biyu, cuta: zazzaɓin cizon sauro. Ba kowane zafin jiki ba ne na sauro, shi ya sa ake tsaga yatsa a gwada jini kafin a ba da magani. Yaron nan mai shekara bakwai da ciwon ƙafa bai shiga ta ko ɗaya ba.

Wannan alkawari ya sha tangarɗa, ba zan ɓoye muku ba. Cibiyar lafiya takan yi jinya kyauta, sa'an nan ta jira gwamnati ta mayar mata da kuɗi. In mayarwar ta yi jinkiri, kanta takan bushe, ma'aikacin da ke gabanku kuma shi yake shan faɗa. Don haka in an ce ku biya wani abu, ku tambaya cikin natsuwa: na mene ne? A nuna muku a rubuce.

Akwai abin da yankinmu ya riga kusan kowa samu. A 2019 aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damana a Benin, yankin lafiya na Malanville da Karimama kuwa yana ɗaya daga cikin biyun da aka fara da su, ɗayan shi ne na Tanguiéta. An zaɓe mu ne don zazzaɓinmu na lokaci ne, yana tashi da ruwan sama. Masu rabo suna bi gida-gida sau ɗaya a wata a watannin damana, suna ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Ba a biyan ko dala. A rana ta farko yaro yana sha a gabansu. Sai su bar wa uwa ƙwayar rana ta biyu da ta uku.

A nan ne ake ɓata aikin. Uwa takan ga yaro lafiyarsa ƙalau, ta ce bari in ɓoye sauran sai ranar da jikinsa ya yi zafi. Wata kuma takan raba wa yayansa. Maganin na tsaro ne, ba na jinya ba, kuma sai an cika kwana ukun yake tsare yaro har watan ya zagayo. Kwana ɗaya kawai kamar rufa ɗaki ne a bar gefe guda a buɗe. In yaro ya riga ya kamu da zazzaɓi a ranar rabo, ku gaya musu, jinya yake bukata a cibiyar lafiya.

Haka nan allurar rigakafin yara kyauta ce. Gidan sauron da ake rabawa kyauta ne, kuma na kwanciya ne, ba na shingen rana ko kamun kifi ba (muna ganinsu a bakin kogi, mun gane su sarai). Ƙwayar rigakafin zazzaɓi da ake ba mai ciki a wurin awo daga wata na huɗu, a sha ta aƙalla sau uku kafin haihuwa. Maganin tarin fuka da na cutar sida su ma ba a sayar da su a cibiyoyin da aka ware musu. A ranar 25 ga Afrilu 2024 Benin ta shigar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara, sau huɗu ake yin ta, an kuma fara da wasu yankuna kafin wasu. In kun kai jariri awo, ku tambaya ko akwai ta a cibiyarku. Ba ta maye gurbin gidan sauro ba.

Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amai da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, a tafi da shi nan take. Zazzaɓin da aka kama a rana ta farko ƙwaya ce ta kwana uku a gida. Wanda aka bari ya kwana huɗu yakan zama allura da ƙarin jini da kwanciya a gado, wani lokaci har da motar zuwa Kandi, kusan kilomita 100, ko Parakou, fiye da kilomita 300.

Katin ARCH

An daɗe ana neman hanyar da mutum zai je asibiti da kati maimakon kuɗi. A ƙarshen 2011 aka ƙaddamar da wani tsarin inshorar lafiya mai suna RAMU, amma bai yi nisa ba. Gwamnatin shugaba Patrice Talon ta kawo ARCH a madadinsa. An fara gwada shi a 2019 a yankunan lafiya uku, na Abomey-Calavi da Sô-Ava, na Dassa da Glazoué, da na Djougou, Copargo da Ouaké, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran ƙasa.

Ba kowa ake ba katin ba. An fara ne da waɗanda suka fi kowa talauci: mutanen gari suka ba da sunaye, masu bincike suka bi gidaje suka tabbatar, gwamnati kuma take biya musu. Katin yana da hoto da lambar mutum, wadda ta samo asali daga rajistar jama'a da aka yi a 2017 da 2018, wadda ake kira RAVIP. Wanda bai yi rajista ba, ko ba shi da takardar haihuwa, da wuya ya shiga kowane tsari irin wannan. Wannan ya fi shafar makiyaya da masunta da waɗanda suke rabin shekara a ƙetare. Ku yi wa jariranku takardar haihuwa tun suna zanen goyo.

Mai kati ya san abu uku. Katin ba ya ɗaukar kowace cuta, akwai jerin abin da yake biya. Ana farawa ne daga cibiyar lafiya ta kusa, su ne za su ba da takardar turawa zuwa babban asibiti. Kuma katin na mai hoton ne shi kaɗai. Na ga dattijuwar da ta ɗaure nata a leda cikin ƙasan kwalla, tana tsammani na zaɓe ne, ta sayar da akuya don ta biya abin da katin zai iya biya mata. In akwai irin wannan kati a gidanku ba ku san amfaninsa ba, ku kai shi ofishin kula da jin daɗin jama'a da muke kira sosiyal, ko ku kawo mana mu duba tare.

Gada da ƙetare

Mu mutanen bakin iyaka mun saba da neman magani ta ko'ina: Gaya, Kamba, wasu har Galmi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya. Benin ta buɗe nata gefen a farkon 2024, Nijar ba ta buɗe nata ba a lokacin, jama'a suka koma ƙetarawa da kwale-kwale. Mai lafiya yana iyawa. Mai naƙuda da tsakar dare, ga kogi ya cika a watan Satumba, wannan wani abu ne dabam.

Nijar tana da nata sauƙin. Tun 2006 ta yafe kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a watan Satumba na 2024 kuma ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Amma kowace ƙasa da dokarta, katin ARCH ba ya aiki a Gaya ko a Kamba. 'Yar da ta yi aure a ƙetare ta dawo gida goyon ciki, ta zo da katin awonta, ta kuma sake yin awo a nan don a san ta kafin ranar. Mai shan maganin hawan jini, ko sukari, ko tarin fuka, ko sida, wanda ya saba karɓa a can, ya zo da kwalin maganinsa da takardunsa a mayar da sunansa wannan gefen. Kada ya jira sai ƙwayar ƙarshe ta ƙare.

Rasiɗi da maganin tebur

A 2018 gwamnati ta hana ma'aikatan lafiyarta haɗa aikin gwamnati da na asibitin kuɗi, ta kuma rufe ɗakunan shan magani da yawa waɗanda ba su da izini. Abin da ya shafe ku shi ne wannan: a kowane asibiti, har da namu, kuɗi a wurin biya ake ba da shi, a karɓi rasiɗi. Ba a saka shi a aljihun kowa. In wani abu bai yi muku daidai ba, akwai shugaban cibiya, akwai kwamitin 'yan gari da kuka zaɓa. Ɗakin shan maganinmu na mishan ne, ba na gwamnati ba. Abin da aka ba mu don a raba kyauta muna rabawa kyauta, sauran kuma muna sayowa ne, dole mu sayar. Wanda ba shi da hali ya faɗa tun a bakin ƙofa a san yadda za a yi, kada ya juya ya tafi.

Maganin tebur da na masu talla a kan keke ya fi arha a ido. A watan Fabrairu na 2017 hukuma ta kwashe tarin irinsa a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, don sayar da shi haramun ne a dokar ƙasa. Wani jabu ne, wani na gaske ne amma rana ta kashe ƙarfinsa. Yakan kwantar da zafin jiki na yini biyu alhali cutar tana cin jini a ɓoye. Yawancin yaran da suke iso mana da farin tafin hannu sun fara biyawa ta wurin mai tebur.

Asusun gaggawa

Abin da ya rage a kanmu, wato mota, abinci, da maganin da ya ƙare a kanta, gida ɗaya yakan kasa shi da dare, amma unguwa ba ta kasawa. Mu yi lissafi. A ce gida 30 ne a ikilisiya ko a unguwa, kowane gida ya zuba dala ashirin, wato sefa 100, a mako. A mako guda an tara jika uku. A shekara an tara sefa 156,000. Mun iya adashi don biki da suna, wannan ma adashi ne, sai dai mai ɗauka shi ne wanda ciwo ya faɗa wa. A labarin Basamariye mai tausayi da ke Luka sura 10, mutumin bai tsaya ga ɗaure rauni ba, ya ɗora majiyyacin a kan dabbarsa, ya kuma bar kuɗi a hannun mai masauki. Sufuri da kuɗin jinya ke nan. Maƙwabtanmu Musulmi su ma a sa su ciki, naƙuda ba ta tambayar addini.

Asusun yakan mutu ne in mutum ɗaya yake riƙe da kuɗi da littafi duka, ko in an fara ranta shi don taki da biki. A raba: ɗaya ya riƙe akwati, ɗaya littafi, a karanta lissafi a gaban kowa sau ɗaya a wata. A sa mace cikin masu riƙon, don ita ce take gida lokacin da abin yake faruwa. A kuma amince tun yanzu cewa in maigida ba ya nan, an yarda a tafi da matarsa ko ɗansa asibiti ba sai an jira shi ba.

Kafin taro na gaba, mai jagorar darasi ya sa a zaɓi mutum biyu su je cibiyar lafiya mafi kusa, su tambayo kuɗin awon ciki da na haihuwa da lambar motar asibiti, su rubuto. A nemo masu babur ko a-daidaita biyu waɗanda suka yarda a tashe su da dare, a rubuta lambobinsu a bangon majami'a da ƙofar mai gari. Kowace mai ciki kuma ta zo da katin awonta, mu duba ko ta sha ƙwayar rigakafi sau nawa.